Kafin a Rufe Kwalekwalen Orlando

Fort Washington, farkon Nuwamba

Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ya aikin asibiti, ya Baban Khalil da yaran? Maigidana Nasir yana gaishe ki.

Kin ce in daina yi miki bayanin tafiyarmu ta Orlando a waya, tunda duk abin da aka faɗa miki bayan kin taso daga aiki ta bayan kunnenki yake bi. Shi ya sa na zauna na rubuto, ki karanta in kin huta.

Na shiga shafin intanet na wurin wasan yaran da za mu je na duba gyare-gyaren da suke yi, kuma gaskiya Afrilun da muka tsayar bai yi mana daɗi ba. Otal ɗin da muka zaɓa za su fasa wurin ninƙayarsu su sake ginawa, ke nan da ƙarar injin haƙa za mu riƙa tashi. Babbar hanyar da ta tashi daga ƙofar shiga zuwa tsakiyar wurin ma za a kange ta da katako, sai an zagaya ta baya, ga ƙafarki da take damunki.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar maganar ita ce kwalekwalen gangare, wanda yake hawa can sama ya sulmiyo cikin ruwa, wanda kuka hau da 'yarki Afnan tana 'yar shekara biyar ni ina ƙasa riƙe da jakunkuna saboda tsoro. Shi ba gyara za a yi masa ba. Ƙarshen Janairu za su rufe shi gaba ɗaya su rushe, su gina wani abu a wurin.

Afnan ce ma ta fara nuna min. Ranar Asabar da ta zo muna suyar cincin, ta miƙo min wayarta, ina ɗagowa na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce ita dai ko sau ɗaya tana so ta sake hawansa kafin ya tafi. Yaya, yarinyar da ko alawa ba ta roƙa, yau ta buɗe baki ta nemi abu.

Ga shawarata. A tsakiyar Janairu akwai Litinin ɗin da ba makaranta. Mu tashi Asabar mu dawo Litinin, dukkanmu. Cikas ɗaya ne: jirgin rokar da Khalil yake ta zumuɗi yana rufe a lokacin, sai Maris za su buɗe. Amma shi gyara ne, zai dawo. Wancan kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

Ki duba ki gaya min. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Najiba

*

Bowie, Nuwamba

Najiba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ki gaida Nasir.

Na karanta saƙonki har ƙarshe, sannu da ƙoƙari. Ke dai Allah ya yi miki baiwar bin diddigi. Masu wurin ma ban jin sun fi ki sanin inda suka haƙa rami.

Hutun Afrilun nan tun bara nake nemansa. Sai da na karɓar wa Edna, abokiyar aikina, aikin Kirsimeti kafin ta yarda ta bar min makon. Asibiti ba irin ofishinku na injiniyoyi ba ne, da mutum zai rufe kwamfuta ya ce sai Talata.

Sannan ga Khalil. Kullum da safe sai ya jingina da ƙofar kicin babansa ya zana masa tsawonsa da fensir, don ya ga ko ya kai sandar awon da suke sawa a bakin jirgin rokar nan. Madarar da ya tsana yake toshe hanci ya shanye. Yanzu da ya kai, da wane baki zan kai shi gaban katako in ce masa ya dawo baɗi? Ko shi ba shi da wanda zai rubuta doguwar wasiƙa a kansa ne?

Abu ɗaya ne ban gane ba. Gida ɗaya muke kwana da 'yar taki. Ni nake kai ta makaranta, ni nake yi mata kitso. Ranar da ta dawo daga gidanki da robar cincin na tambaye ta me kuka yi, ta ce min, “Ba komai.” Ashe ba komai ɗin har da hawaye a ciki. Ni rabon da in ga hawayenta tun tana firamare.

Afrilu yana nan yadda aka tsara. Ƙarar injin haƙa ba za ta kashe mu ba, ƙafata kuma na gode da tunawa.

Yayarki,
Talatu

*

Fort Washington, Nuwamba

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Allah ya huci zuciyarki, wallahi ban manta da Khalil ba, kuma kin yi gaskiya a kansa. Ki shafa min kansa.

Maganar Afnan kuwa, ai kin san halin yara. Abin da suke jin nauyin faɗa a gida sai su kai gidan inna. Mu ma ba haka muka yi ba? Kada ki sa shi a ranki.

Na samo mana mafita wadda ba wanda zai yi asara. A bar Afrilu yadda yake, Khalil ya hau rokarsa. Ni kuma a Janairun sai in ɗauki Afnan mu je mu biyu, mu hau kwalekwalen mu juyo. Ba sai kin taɓa hutunki ba, ba sai kin roƙi Edna komai ba. Kin ga har ni matsoraciya zan daure in hau saboda ita.

Jiya da ta kira ni na ɗan taɓa mata zancen. Ta ce in dai kin yarda. Na riƙe mana kujeru biyu a jirgin Baltimore kafin su ƙare, amincewarki kawai nake jira.

Ki gaida Baban Khalil.

Taki,
Najiba

*

Bowie, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Yaya Maitama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya jami'a, ya iyali, ya jikin Hajiya? Ka durƙusa ka gaishe min da ita. Maganin hawan jininta yana hanya, na ba wa mai zuwa Kano.

Yaya, ƙara na kawo, tunda kai ne babba. Ka yi wa Najiba magana ta sakar min 'yata.

Ka san lokacin da nake karatun jinya ita ta riƙe min yarinyar nan shekara uku, ban manta ba, kuma har gobe ina gode mata. Amma aro na ba ta, ban ce kyauta ba. Yau shekara nawa da dawowarta gidana, har yanzu jikinta ne kawai a Bowie, ranta yana Fort Washington.

Kwanan baya na je taron iyaye a makarantarsu. Malamarsu ta kimiyya, wata Irene, ta dube ni ta sake dubawa, ta ce ita ai ta ɗauka waccan da ta zo ranar baje kolin ayyukan ɗalibai ce uwar, wai dariyarsu iri ɗaya. Na yi murmushi na ce ƙanwata ce. Ranar baje kolin nan ina tsaye a kan marasa lafiya, Yaya, ba yawo na tafi ba. Hoton da ke fuskar wayar yarinyar ita da Najiba ne. In sun haɗu a falona su yi ta ƙus-ƙus da Turanci suna ƙyalƙyala dariya, ina shigowa da faranti sai kowa ta gyara zama kamar shugabar makaranta ta shigo aji.

Yanzu kuma ga wata sabuwa. Mun shirya zuwa wurin wasan yara a Orlando a hutun Afrilu. Wai akwai wani kwalekwalen wasa da za a rushe a Janairu, yarinyar tana so ta hau. Ni ba a gaya min ba, Najiba aka gaya wa. Ita kuma ta yanke shawarar ɗaukarta su tafi su biyu, ta gaya mata, ta riƙe kujerun jirgi, sannan ta waiwayo tana neman amincewata. To ina amfanin tambayar? In na ce e, ita ce ta cika mata buri. In na ce a'a, ni ce muguwar da ta hana. Ta kowace fuska ita ke da riba.

Kuma kwalekwalen nan da ni aka hau shi tun farko. Ni na jiƙe sharkaf har mayafina, Najiba tana ƙasa tana gadin jaka. Yanzu ita ce za ta yi hawan ƙarshe, a ɗauke su hoto, a liƙa a firij ɗina ina gani kullum in zan ɗauko madara.

Kada ka ce kishi nake yi. Wa yake kishi da ƙanwarsa? Haƙƙina kawai nake nema.

Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarka,
Talatu

*

Kano, farkon Disamba

Talatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Duk muna lafiya. Maganin ya iso, Hajiya tana sa miki albarka.

Na karanta ƙararki, na kuma karanta wa Hajiya, don kin san ba a ɓoye mata komai a gidan nan. Da na zo wurin da kika ce ba kishi kike yi ba, ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta. Ta ce a tambaye ki, in ba kishi ba ne, me ya kai firij cikin maganar?

Ni abin da na lura da shi daban ne. Kin cika wasiƙa tun daga sama har ƙasa a kan Afnan, ba ki rubuta sunanta ko sau ɗaya ba. Na san dalili, 'yar fari ce, alkunya kike yi mata yadda aka yi mana. Ni ma ga ni da furfura, Hajiya har yau “wannan” take ce min. Amma ni na tashi a unguwar da kowane ɗan fari haka uwarsa take yi masa, ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Ita Afnan ta tashi cikin yaran da iyayensu mata suke rungume su a bakin motar makaranta suna kiran sunansu da ƙarfi. Wa ya zaunar da ita ya fassara mata shirunki? Kin kai alkunyar Kano ƙasar da ba a jin yarenta. Yarinya kuwa inda aka sakar mata fuska nan take zuwa.

Ban ce Najiba ta kyauta ba. Bai kamata ta yi wa yarinya alkawari kafin ta ji daga bakinki ba, kuma na gaya mata hakan. Amma ki yi mata uzuri. Allah bai ba ta nata ba tukuna, kuma mutumin da zai yi nisa yakan yi gaggawa. Tunda Fabrairu za su koma Seattle, ita a ganinta wannan tafiya ce ta sallama da 'yar da ta goya. Ta ce min Afnan ta fi kowa shiga damuwa da tashin nasu. Ki bar su su je. Kwana biyu ne, ba za a canza mata uwa a Florida ba.

Na ɗauka dai kin san zancen sabon aikin nata. In ba ki sani ba, to na yi suɓutar baki, ki rufa min asiri.

Ki gaida maigidanki Fatihu da Khalil. Ki gaida Afnan, kuma ki ce mata ni na ambaci sunanta.

Yayanku,
Maitama

*

Bowie, Disamba

Najiba,

Salam.

Allah ya sanya alheri a sabon aiki. Daga Kano na ji. Tsakanin gidana da gidanki tafiyar rabin awa ce, amma sai da labarin ya haye teku ya dawo kafin ya same ni.

Ni na goya ki, Najiba. Ni na raka ki makaranta ranar farko kina kuka kina riƙe da zanina. Ni na tarbe ki a filin jirgi da rigar sanyi ranar da kika sauka ƙasar nan. Yau za ki ƙaura zuwa ƙarshen duniya, kika rasa wanda za ki gaya wa sai yarinya 'yar shekara goma sha huɗu. Kuka zauna a teburina ranar hutun godiyar nan da suke yi a Nuwamba, ke da ita, kuna cin tuwona, kowa ta san abin da ban sani ba. Da na ɗauka 'yata kawai kika karɓe min. Ashe ita ma ta karɓe min ƙanwa.

Babu inda za ta je a Janairu. Ki saki kujerun mutane.

Talatu

*

Fort Washington, Disamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ji, kuma na soke tikitin. 'Yarki ce.

Ba gaya mata na yi ba. Kwalaye ta gani a gareji ta tambaye ni, ban iya yi mata ƙarya ba. Ke kuwa na sha zuwa da maganar a bakina, in na ga fuskarki sai in haɗiye, don na san ranar da na faɗa miki ranar ce tafiyar za ta zama gaskiya.

Ba zan ƙara damunki da zancen Orlando ba. Ki yafe min abin da na yi ba daidai ba.

Najiba

*

Bowie, ƙarshen Janairu

Najiba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da Nasir, ya shirin tashi? Wasiƙar nan za ta yi tsawo, ki yi haƙuri ki karanta. Gara ki ji daga gare ni kafin ki ji daga Kano.

Mun je Orlando, ni da 'yar taki. Mu biyu.

Kada ki ɗauka tausayi ne ya kai ni. Bayan na hana tafiyarku gidan nan ya yi tsit. Ba ta yi min rashin kunya ba, ba ta buga ƙofa ba. Ta yi wanke-wanke, ta yi karatunta, duk abin da na ce sai ta ce “to”. Da ma faɗa ta yi da ya fi min sauƙi. Ina kallonta sai na ce a raina, idan kwalekwalen nan ya tafi ba ta hau ba, har ta tsufa za ta riƙa cewa Anti ta so, Momi ta hana. Sai na ƙudura in kai ta da kaina, don in ta tuna shi ni za ta tuna, ba ke ba. Wannan ita ce niyyata, ba na ƙawata miki ita.

Na sake komawa wurin Edna da ƙoƙon bara. Baban Khalil ya ce in gaya miki, na ce masa in ya kuskura ya faɗa wa kowa ni da shi ne. Na buɗe wasiƙunki na kwafi komai, ranar tashi, jirgin, har hanyar da kika ce a zagaya. Shafin wurin kuwa ban leƙa ba. Me zan duba, tunda injiniya ta gama dubawa?

Ranar Asabar da safe na ce ta rako ni sayayya. Jakunkuna suna but ɗin mota tun ranar Juma'a. Sai da muka hau titin filin jirgin Baltimore na gaya mata. Ta juyo ta kalle ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta rufe. Can ta ce, “Mu biyu kawai?” Na ce mu biyu. Ta ce, “Ba Khalil?” Na ce ba Khalil. Ta mai da kanta jikin taga. Na ɗauka ke take tunani, raina ya ɓaci har muka sauka.

Washegari muka shiga. Katakon da kika faɗa tuni an kafa shi, muka zagaya, ƙafata tana zugi ina cije baki. Ina gaba tana biye, ina ta sauri kamar wadda za ta karɓo kyauta. Muka sha kwanar ƙarshe.

Najiba, babu kwalekwale. Dogon katako ne an yi masa fenti da hotunan abin da za su gina. Ta samansa ana hango ƙarfen ɗaga kaya da rabin tsaunin da kwalekwalen yake hawa, an bare masa gefe ɗaya, ruwan duk an tsiyaye. Na tare wata ma'aikaciya na ce mata ai sai ƙarshen wata. Ta ce an matso da ranar, tun bayan sabuwar shekara aka rufe, kuma an sanar tun Disamba. Ta ba ni haƙuri da murmushin nan nasu ta wuce.

Na samu benci na zauna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na hana ki, na ɗauko yarinya na keto ƙasa da ita, na kawo ta gaban katako. Na kasa ɗaga ido in dube ta.

Ta zauna kusa da ni. Da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, “Momi, na sani.”

Na ce, “Kin san me?”

“Na san an rufe. Tun Disamba na gani.”

Na ce, “Kin sani kika bar ni muka hau jirgi? Me ya hana ki faɗa tun a mota?”

Ta ce, “Da na faɗa, da kin juya.”

Daga nan ta koma Turanci, don maganar ta fi ƙarfin Hausarta. Ta ce ba mu taɓa zuwa ko'ina mu biyu ba, in ba wurin likitan haƙori ba. Ta ce abin da take tunawa da kwalekwalen nan ba ruwan ba ne. Wai lokacin da ya kai ƙoli zai sulmiyo, na fizgo ta na ƙanƙame a ƙirjina ina ƙwala kiran sunanta, har muka sauka ban sake ta ba. Ni wallahi ban tuna ba, tsoro ne kawai na san na ji. Ita kuwa ta riƙe shi shekara tara. Da ni take so ta sake hawa. Ta kai miki maganar ne don ta san in ni ta gaya wa zan ce shirme ne, kuma da na faɗa ɗin. Da kika ce ku je ku biyu, ta rasa yadda za ta ce miki a'a.

Ban san me ake cewa a irin wannan wuri ba. Ba a koya mana ba. Na ce mata ta tashi mu nemi abin da bai rufe ba.

Ta zaɓi wani mugun jirgi mai juya mutum ƙafa a sama. Na hau. Na yi salati da ƙarfi har Turawan da ke bayanmu suna tambayar ko lafiya. Na sauko jiri yana ɗibata, ita tana dariya har da riƙe ciki. Malamarsu Irene ta yi gaskiya, dariyarku ɗaya.

Da la'asar muna zaune muna shan askirim na ce mata, “Antinki za ta tafi.” Shi ke nan abin da na ce. Ta ajiye cokali, ta kifa kanta a kafaɗata ta yi kuka mai yawa, irin na ƙananan yara, har mayafina ya jiƙe. Na riƙe ta. Kin ga yadda Allah yake lamarinsa: hawayen da na yi ta ƙorafin ba na gani na same su a kafaɗata, amma naki ne. Ban ce bai sosa min rai ba. Ya sosa. Na dai ci gaba da riƙe ta.

Tambaya ɗaya nake da ita. Ke ma kin san an matso da ranar?

Afrilu yana nan. Khalil ya ce in ba da Anti ba shi ba zai hau roka ba, wai ke ce za ki gaya masa ko sun ɗaure kusoshin da kyau. Daga Seattle ma ana zuwa Orlando.

Ki gaida Nasir. Allah ya sa ku tashi a sa'a.

Yayarki,
Talatu

*

Fort Washington, Fabrairu

Yaya Talatu,

Wa alaikumus salam. Na karanta.

E, na sani tun Disamba. Na yi shiru ne don na ɗauka ba mai zuwa. Da kin tambaye ni da na gaya miki, kuma yanzu na gode Allah da ba ki tambaya ba.

Ban huce ba, Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Afnan ta kira ni jiya ta ba ni labarin tafiyar. Tun daga sallama har muka ajiye waya, “Momi ta ce, Momi ta yi, kin san Momi ta iya ihu?” Na yi ta dariya yadda ya kamata. Da ta kashe na zauna a kan kwali a tsakiyar falo na daɗe ban tashi ba. Abin nan da kika ce wa Yaya Maitama ba kya yi, ni ina yinsa, kuma ba daɗi.

Maganar Afrilu ban yanke ba tukuna.

Masu ɗaukar kaya za su zo ranar Litinin, kicin ɗina kuwa ko cokali ban naɗe ba. Ki zo ranar Asabar ki taya ni. Kada ki taho da yara. Ke kaɗai nake so.

Ƙanwarki,
Najiba